Janar Pile da Igwogin da Suka Tsare Landan

Mai bin labarin yaƙin Yukren ya saba wayar gari da jin adadin jirage marasa matuƙa da aka kakkaɓo cikin dare. Wannan lissafi ba yau aka fara shi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya fi kowa shan fama da shi shi ne Janar Frederick Pile, haifaffen Dublin a 1884, ɗan wani tsohon magajin garin. Ya shiga rundunar igwa a 1904, ya yi Yaƙin Farko, ya taɓa ɓangaren tankoki, sannan a 1939 aka damƙa masa rundunar bindigogin kakkaɓo jirage ta Birtaniya. Bai sauka ba sai 1945.

Da Jamus ta fara yi wa Landan ruwan bama-bamai a Satumban 1940, igwogin sun kusa zama abin kunya. Jiragen na zuwa da dare, na'urorin saiti ba su da ƙarfi, mutanen gari kuwa na kwance a ramuka suna tambaya, ina namu suke? Cikin kwana biyu Pile ya ninka igwogin birnin, daga 92 zuwa 199, ya ce kowa ya buɗe wuta ko bai ga komai ba. Daren nan ƙasa ta girgiza, ɓaraguzan harsasai na zuba a kan rufin gidaje, jama'a na murna. Shi dai ya san yawanci iska ake harbi. A watan nan sai an ƙona harsashi wajen 20,000 kafin jirgi ɗaya ya faɗo.

Abin da ya fi burge ni game da shi, bai bari ƙarar ta ruɗe shi ba. Ya jawo masanin kimiyya Patrick Blackett da tawagarsa suka zauna a bakin igwa, suna auna inda rada, na'urar hango jirage daga nesa, ke kuskure, har adadin ya sauko zuwa wajen 4,000 a farkon 1941. Da maza suka yi ƙaranci ya nace a kawo mata. Rukunin farko na maza da mata ya fara aiki a filin shaƙatawa na Richmond Park da ke Landan a Agustan 1941. Su ke riƙe da rada da na'urar lissafin saiti, sai dai an hana su harba igwar da kansu, kamar dai mai saitin ba shi da hannu a kisan. Mary, 'yar Firayim Minista Churchill, na cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Babban gwajin ya zo a Yunin 1944 da bam mai tashi da kansa, V-1, kakan jiragen da ake fama da su yau. A Yuli aka kwashe ɗaruruwan igwogi zuwa bakin teku cikin 'yan kwanaki. Jiran kankare ya bushe ɓata lokaci ne, sai aka shimfiɗa katakon layin dogo da ƙarafansa aka ɗaure manyan igwogi a kai. Shimfiɗar har sunan Pile ta ci. Ga sabuwar rada daga Amurka, ga harsashi mai fashewa da zarar ya kusanci abin hari. Ranar 28 ga Agusta, cikin bama-bamai sama da 90 da suka doso Ingila, huɗu kacal suka isa Landan.

Bayan ya ajiye kaki, aka tura shi kula da gina gidaje a Ma'aikatar Ayyuka. Ya rasu a 1976.