Shin kashe babur da sake tayar da shi ya fi cin mai?

An daɗe ana faɗa, musamman a tsakanin 'yan acaɓa, cewa gara a bar babur a kunne lokacin jiran fasinja, domin wai tayar da inji ya fi shan fetur. Masu wannan ra'ayi tattali suke nufi, amma lissafin bai goyi bayansu ba.

Injin da ya riga ya ɗauki zafi yana tashi da bugu ɗaya, kuma man da yake sha a wannan tashin bai wuce na daƙiƙu kaɗan na zama a kunne ba. Babur ɗin da aka bari yana kaɗawa minti 5 a bakin kasuwa kuwa yana ƙona mai ba tare da ya motsa ko taku ɗaya ba. Ga shi yawancin ƙananan babura iskar tafiya ce ke sanyaya injinsu, don haka doguwar tsayuwa a kunne zafi take ƙara musu.

Kowa na iya gwadawa da kansa. A cika tanki fal, a rubuta lambar da mitar tafiya ta nuna, idan an sake cikawa sai a raba kilomitocin da aka yi da litocin da aka zuba. A yi mako guda ana kashewa, mako guda ana bari, a kan hanya da kaya iri ɗaya, sannan a kwatanta.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa masu babura wannan bayani.