Sa hannun gwamnati ya isa ya ɗaure Najeriya? Tambayoyi da amsoshi

Tun hayaniyar 2024 kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, ake ta jefo waɗannan tambayoyi a teburan mai shayi daga Wunti zuwa Muda Lawal a garin Bauchi. Ga amsarsu.

Idan shugaban ƙasa ko minista ya sa hannu, ta zama doka ke nan?

A'a. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta yi aiki a matsayin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. Alƙali a Bauchi ba zai hukunta ka da takardar da aka sa wa hannu a Turai ba. Sai dai a idon duniya alkawari ne, kuma za a bi ƙasa bashinsa. Nan gizo ke saƙa.

Majalisar jiha tana da ta cewa?

Tana da ita, in batun ba na tarayya kaɗai ba ne. A nan sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ma kowace jiha sai da ta yi tata, jihohin Arewa da dama suka ɗauki shekaru suna tace ta.

An taɓa warware wata saboda 'yancin ƙasa?

Ƙwarai, kuma ɗan Bauchi ne ke kan kujera. Gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Balewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1960, majalisa ma ta amince. 'Yan adawa da ɗaliban jami'ar Ibadan suka ce Bature ya fita ta ƙofa yana neman dawowa ta taga. A Janairun 1962 aka soke ta. Kowa ya kai ziyara kabarinsa a cikin gari ya tuna da wannan.

Bakasi kuwa, yankin da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa, akasin haka aka yi. Kotun duniya ta bai wa Kamaru yankin a 2002, Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar miƙawa a 2006, sai a 2007 Majalisar Dattawa ta farka ta ce ba a kawo mata ba. A Agustan 2008 aka miƙa. Ihu bayan hari, a ganina.

To Samoa fa?

Tsakanin Tarayyar Turai ce da ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik. Najeriya ta sa hannu a Yunin 2024. Aka yi ta cewa akwai auren jinsi a ciki, gwamnati ta musanta, Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a bincika. Dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 tana nan daram, sai majalisa ce za ta iya taɓa ta. Abin da ya kamata ka tambayi ɗan majalisarka in ya zo hutun Sallah: ranka ya daɗe, ka karanta takardar kafin a sa hannu, ko kai ma a Facebook ka gani?