Noman rani ya girmi madatsar ruwa

A kasuwar Farin Gada ta Jos na ji wani matashi yana cewa ai gwamnati ce ta koya mana noman rani, lokacin da ta gina madatsun ruwa. Mutane da yawa haka suka ɗauka, kuma abin yana damuna.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Bakolori a 1978. Kakanninmu kuwa tun kafin zuwan Turawa suke da lambu a fadama, suna noma albasa da alkama, suna ban ruwa da jigo. Jigo doguwar sanda ce a kan gwafa, an ɗaure dunƙulen laka a gindinta, guga na rataye a bakinta. Manomi ya ja igiya gugan ya nutse, nauyin lakar ya ɗago shi cike, ya juye a kwalbatin ƙasa, ruwa ya bi fangali-fangali. Mutanen Masar sun fi shekara 3000 suna wannan dabara a bakin Nilu.

A nan Jos ma da jigo aka fara lambunan bakin kogin Dilimi. Daga baya injin fetur ya karɓe aikin, har ana jan ruwa daga tafkunan da haƙar kuza ta bari.