Waiwaye: Hakeem Olajuwon bayan ya ajiye ƙwallon kwando

A shekarar 2002 ciwon baya ya tilasta wa Hakeem Olajuwon yin ritaya, bayan kaka guda da ya buga wa Toronto Raptors. Sai dai sunansa a Houston Rockets ya yi shi. Da shi ƙungiyar ta ɗauki kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995, kuma har yau ba a samu wanda ya kai shi yawan tare ƙwallo a bakin kwando ba: sau 3,830.

Haifaffen Legas ne, a 1963, a gidan Yarbawa Musulmi. Tun yana wasa ya rungumi addini hannu bibbiyu, har ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem a 1991. A watan Fabrairun 1995, da azumi a bakinsa, aka zaɓe shi gwarzon wata na gasar. Wannan riƙon addinin ne ya tsara kusan duk abin da ya biyo baya.

A kasuwanci abin ya fi fitowa fili. Ya shiga harkar filaye da gine-gine a Houston, amma ya ƙi cin bashin banki saboda kuɗin ruwa. Kuɗi hannu yake saye. A Amurka, inda dillalan gidaje ba sa motsi sai da rance, wasu za su ɗauka ya ɗaure kansa ne. Ashe gaba ta kai shi: mai sayarwa ya fi son wanda zai biya nan take, shi kuma ba bankin da ke matsa masa ya sayar idan kasuwa ta faɗi. Cikin abin da ya saya har da wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin, wanda ya mayar masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002. Daga baya ya kwashe iyali zuwa Jodan don neman ilimin addini, yana zuwa Houston lokaci-lokaci.

Ƙwallon kuwa bai rabu da ita ba. Manyan 'yan wasa sun riƙa zuwa wurinsa ɗaukar darasin sarrafa ƙafa da yaudarar mai tsaro a gindin kwando, salon da ake kira Dream Shake. Kobe Bryant ya je a 2009, LeBron James a 2011, shekara guda kafin ya ci kofinsa na farko. Ba duk ɗaliban ne suka amfana haka ba. Salon na buƙatar ƙafar da aka horar tun yarinta, shi kuwa Hakeem ya fara ne da tsaron raga a ƙwallon ƙafa.

A 2008 Rockets suka so karrama shi a ƙofar filinsu na Toyota Center. Saboda addininsa ba a yi mutum-mutuminsa ba, sai aka ƙera rigarsa mai lamba 34 da tagulla. A shekarar ce ya shiga zauren gwarazan wasan, kuma a 2022 NBA ta sa sunansa a kyautar gwarzon mai tsaron baya na shekara.