Ƙofofin Falcon Wing na motar Tesla Model X

Falcon Wing, wato fiffiken shaho, suna ne da kamfanin Tesla ya raɗa wa ƙofofin baya na motarsa mai aiki da lantarki, Model X, wadda aka fara miƙa wa masu saye ranar 29 ga Satumba, 2015 a Fremont da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ƙofofin sama suke ɗagawa, kuma ba hannun mutum ke ɗaga su ba. Ƙananan injinan lantarki ne ke motsa su, na'urorin sensa na auna abin da ke kewaye, manhajar motar kuma tana yanke shawarar yadda za su buɗe. Su ne suka fitar da sunan motar a duniya, su ne kuma suka fi jawo mata ƙorafi a shekarunta na farko.

Asali

Ƙofa mai ɗagawa sama ta girmi Tesla nesa ba kusa ba. Mercedes-Benz 300 SL ta shekarar 1954 ita ce ta fi shahara da ita, kuma dole ce ta sa: ƙarafan da ke riƙe da jikin motar sun taso sosai ta gefe, har babu wurin yanka ƙofa irin wadda aka saba. Motar DeLorean ta 1981 ta bi sahu. Duka biyun hinji ɗaya ke gare su a rufin mota, ƙyauren kuma sandararre ne, hanya ɗaya tak yake bi in zai tashi, kuma mutum ne ke buɗewa.

Abin da Tesla ta ƙara shi ne hinji na biyu a saman gilashin taga, yadda ƙofar za ta iya lanƙwashewa kamar gwiwar hannu. Da wannan gaɓa, in wuri ya matse ta gefe sai ta naɗe jikinta ta miƙe sama; in rufin gareji ya yi ƙasa sai ta bazu waje. Kamfanin ya ce tazarar kusan santimita 30 ta ishe ta buɗewa. An nuna samfurin farko a watan Fabrairun 2012 a Hawthorne da ke Kalifoniya, kuma hujjar da shugaban kamfanin, Elon Musk, ya riƙa bayarwa ta iyali ce: uwa ko uba su tsaya a miƙe su ɗaure yaro a kujerarsa ba tare da sunkuyo ba, wanda zai shiga layin kujeru na uku kuma ya shige cikin sauƙi. Ƙofar da ake ja ta zame gefe irin ta ƙananan bas-bas ta daɗe da magance mafi yawan wannan, sai dai ba ta tara jama'a kallo.

Jinkiri da rikicin Hoerbiger

Da farko an ce za a fara ƙera motar wajen ƙarshen 2013. An ɗage lokacin fiye da sau ɗaya, kuma ƙofofin na cikin manyan dalilai. A 2014 Tesla ta ba kamfanin Hoerbiger, mai hedikwata a Siwizalan, aikin haɗa abin da zai riƙa ɗaga su ta hanyar matsin mai. A cewar Tesla, samfuran da aka kawo mata suna yoyon mai, suna ɗaukar zafi, ƙofar kuma tana saki ta sunkuyo bayan an buɗe ta. Wajen watan Mayun 2015, saura 'yan watanni a fito da motar, aka raba gari, Tesla ta koma ga injinan lantarki daga wani kamfanin dabam. A Janairun 2016 ta kai ƙara kotun tarayya a Kalifoniya tana neman a tabbatar cewa Hoerbiger ba ya bin ta wani ƙarin kuɗi. Hoerbiger ya musanta zargin, daga baya aka sasanta.

Sauya tsari a ƙurarren lokaci irin wannan ya bar baya da ƙura, domin motocin farko sun isa hannun masu su manhajar ƙofar ba ta gama nuna ba. A Afrilun 2016, cikin sanarwar adadin motocin da ya miƙa a watanni ukun farko na shekarar, wanda Model X kusan 2,400 ne a ciki, kamfanin da kansa ya amsa cewa jiji da kai ya sa ya cusa sabbin fasahohi da yawa a fitowar farko ta motar. Ba kasafai kamfanin mota ke faɗin haka game da kansa ba. A taron masu hannun jari na ƙarshen watan Mayun shekarar, Musk ya ce manhajar da ke sarrafa ƙofofin ta ba su wahala matuƙa, ya kuma yi alkawarin gyara ta hanyar sabuntawar da ake tura wa motoci ta intanet.

Yadda sensojin ke aiki

Babbar hanyar da ƙofar ke gane abin da ke gabanta irin ta jemage ce. Sensa na fitar da sauti mai kaifin da kunnen mutum ba ya ji, sautin ya bugi bango ko motar da ke gefe ya dawo, sai a lissafa nisa daga lokacin da ya ɗauka, tunda sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya cikin iska. A sauran motoci ana ganin irin waɗannan sensoji a jikin bamba kamar maɓallan riga. Tesla ba ta so su ɓata kyan ƙofa, sai ta manna su ta ciki, bayan fallen alminiyam, ta yadda sautin zai ratsa ƙarfen ya fita ya kuma dawo. Akwai wani sensan a rufin motar, tsakanin ƙofofin biyu, mai duba sama. A bakin ƙofa kuma akwai masu jin taɓawa, don ta tsaya in ta ci karo da hannu ko kaya.

Ire-iren matsalolin

Wadda aka fi kuka da ita ita ce ganin abin da babu. Mota na tsaye a fili fetal, babu ko kara a kusa, direba ya danna maɓalli, ƙofar ta ɗaga kamar taku ɗaya ta cije tana ƙara, allon mota ya rubuta cewa an gano cikas. Fasinja sai ya duƙa ya rarrafo, ko kuwa a danne maɓallin a riƙe har ta kai ƙarshe a hankali, wanda shi ne hanyar tilasta mata. Masu gyara kan danganta wannan da sensan da ya saki daga jikin ƙarfen ko ya goce, sai ya riƙa jin amsa-kuwwar ƙofar kanta yana ɗauka bango ne. Masu motar da dama sun lura abin ya fi faruwa a gefen da rana ta daɗe tana duka. Laka, ƙanƙara da ruwan sama mai ƙarfi su ma kan rikita shi.

Kishiyar wannan ta fi tsada. Sauti ba ya dawowa da kyau daga abu siriri ko mai karkata, don haka bututun da ya ratsa rufin gareji, sarƙa, ko ƙarfen da ya leƙo daga gefe na iya kuɓuce wa sensa, ƙofar ta tashi ta daki abin. Littafin jagorar motar ya yi gargaɗi ƙarara cewa sensojin ba sa gano komai a kowane hali, kuma a nisanta hannu daga bakin ƙofar.

A nan injiniyoyin suka shiga tsaka mai wuya: in an ƙara wa sensa ji, ƙofa ta ƙi buɗewa ko rufewa ba dalili, in an rage, ta matse abin da bai kamata ba. Bayan wata sabuntawar manhaja wajen watan Agustan 2016, ƙofofin sun ƙara sauri, tsayawar banza ta ragu, amma aka ga bidiyo a YouTube inda ƙofa ta datse kokwamba gida biyu tana rufewa. Wasu sun ce an kashe wani rukunin sensoji ne. Tesla ta ce daidaita su ta yi don rage gano cikas na ƙarya.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na ƙira ne: ƙofa ta rufe a karkace, robar bakinta ta bar iska ko ruwa, ko manhaja ta manta inda ƙofar take har sai an sake saita ta daga allo. Wani mai motar a Kalifoniya ya kai ƙara a 2016 kan ƙofofi masu buɗewa da rufewa yadda suka ga dama, kamfanin ya sasanta da shi. Mujallar Consumer Reports ta sa Model X cikin motoci mafi yawan lalacewa a 2016 da 2017, tana ambaton ƙofofin. Haka kuma ba a iya ɗaura kaya a rufin motar.

Ƙofofin gaba

Su gefe suke buɗewa, amma su ma da inji. Ta direba kan buɗe da kanta in ya matso da makulli, ta rufe in ya taka birki. An yi kukan tana buɗewa lokacin da ba a so, ko makullinta ya ƙi kamawa.

In wuta ta ɗauke

Ƙofofin ba daga babban batirin mota suke shan wuta kai tsaye ba, daga ƙaramin batir ne, mai bolt 12 a motocin farko. In ya mutu ko haɗari ya katse wayarsa, maɓalli ba ya aiki. Akwai hanyar buɗewa da hannu, amma a ɓoye take: sai an ɓalle murfin sifikar da ke jikin ƙofar, a ja wata waya da ke bayansa, sannan a tura ƙofar sama da ƙarfi. Fasinjan da bai karanta littafin jagora ba da wuya ya san da ita, balle yaro.

A Fabrairun 2017 wata Model X ta yi haɗari ta kama wuta a Guangzhou ta ƙasar Sin, waɗanda ke baya suka ce ƙofofin sun ƙi buɗewa, sai ta gaba suka fita. Tesla ba ta amince da laifi ba. A Disambar 2020 mai wata Model X ya rasu a Seoul ta Koriya ta Kudu bayan motar ta daki bango a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa, kuma 'yan kwana-kwana sun sha wahalar buɗe ta daga waje.

A Satumbar 2025 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan hannayen ƙofa masu lantarki na wata motar Tesla, Model Y ƙirar 2021, motoci kusan 174,000, bayan rahotannin iyayen da suka kasa buɗe wa 'ya'yansu daga waje. A wannan shekarar ce kuma Sin ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman kowace ƙofar mota ta samu hanyar buɗewa da hannu ta ciki da ta waje.