Kundin NCCE da malamin Soshiyal na gobe

Ɗalibin da ya shiga sashen nazarin zamantakewa, wato Soshiyal, a Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) Katsina ko kwalejin Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, kafin ya taka aji an riga an auna masa abin da zai karanta. Mai awon ita ce hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, wadda aka kafa a 1989. Dokarta ta ba ta iko biyu: ta gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗan horar da malamai, sannan ta tantance kwasa-kwasan kwalejoji.

Kundinta na waɗannan sharuɗɗa shi ke faɗin kwasa-kwasan da za a yi cikin shekara 3 na NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, da nauyin kowanne, da irin malaman da sashe zai mallaka. Akwai darussan fannin kansa, kamar iyali, al'adu, mulki da muhalli, akwai na dabarun koyarwa, sai fita koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP. Shugaban sashe ba shi da hurumin cire ko ɗaya, domin idan masu tantancewa suka zo suka tarar da giɓi, kwas ɗin na iya rasa amincewa. Haka kuma dole horon ya dace da manhajar firamare da ƙaramar sakandare da hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ke rubutawa, tunda ita ɗalibin zai koyar. Bayan ya gama, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ke yi masa rajista da lasisi.

Abin da na fi so a lura da shi shi ne kalmar "mafi ƙaranci". Kundin harsashi ne, an hana a gaza shi, amma ba a hana ɗora gini a kai ba. Idan ya ce a koyar da sarautun gargajiya, malami na da damar kai ɗalibansa rijiyar Kusugu a Daura, su ji labarin Bayajidda a bakinta, ko ya tsaya da su gindin hasumiyar Gobarau a birnin Katsina. Idan batun muhalli ne, ga kwararowar hamada tana cin gonaki a Mai'adua da Zango. Yana ɓata mini rai in ga an bar wannan duka an koma karanta wa ɗalibai tsohon handawut, alhali yaran da za su koyar gobe a gonakin nan iyayensu ke noma.