Wai doka ta ba maigida damar korar mai shayarwa? Ga abinda ke rubuce

Akwai wata murya da ke ta yawo a guruf ɗin mata na WhatsApp nan Garwa, har Marwa na ji ta kai, wai dokar ƙwadago ta Kamaru ta ce mace in tana shayarwa maigidan aiki na iya sallamarta ba tare da sanarwa ba har wata 15. Wasu har sun fara cewa gara su yaye yaro da wuri kafin su koma aiki. Don Allah a daina tura wannan muryar, wanda ya yi ta ya karanta dokar a baibai ne.

Dokar da ake magana ita ce lamba 92/007 ta 14 ga Agusta 1992, ba sabuwa bace balle a ce jiya aka canza. Sashe na 85 ne ya yi maganar shayarwa kuma gajere ne ƙwarai. Ya ce daga ranar haihuwa har wata 15 uwa tana da haƙƙin hutun shayar da ɗanta, hutun kada ya wuce awa 1 a ranar aiki, sannan a cikin wannan lokacin ita uwar tana iya ajiye aiki ba tare da ta ba da sanarwa ba kuma ba za ta biya diyya ba. Ita fa, ba shi ba. To nan ne aka juya maganar. A ƙa'ida ma'aikaci in zai bar aiki sai ya sanar tun da wuri, in ya tafi haka kawai ana iya binsa kuɗin kwanakin sanarwar, shi ne doka ta ɗauke wa mai goyo wannan nauyin, in ta ga yaro ba lafiya ko babu mai riƙe mata shi ta tafi abinta babu mai binta ko dala. Maigida kuwa yana nan a kan dokarsa, in zai sallami ma'aikaci sai ya rubuta takarda ya faɗi dalili.

Amma ki lura da kyau yar'uwa, wannan damar tana iya zame miki tarko. Kin koma aiki, kin fara fita da rana kina zuwa ba da nono, sai a kira ki ofis a ajiye miki takarda da biro a ce ai doka ta ba ki dama, sa hannu kawai ki huta da jaririnki. In kika sa hannu ke kika ajiye aiki da kanki. Alhali da korarki aka yi babu hujja, sashe na 39 ya ce diyyar da kotu za ta yanke ba za ta gaza albashin wata 3 ba. Kinga bambancin. Kada ki sa hannu a takardar da ba ki fahimta ba, ki ce za ki je da ita gida a karanta miki, musamman in Faransancin naki bai yi ƙarfi ba. In abu ya ƙi, ofishin sufeton ƙwadago ake fara zuwa a nemi sulhu kafin kotu, kuma shari'ar ƙwadago kyauta ce.

Su wa doka ta shafa? Duk mai aiki ƙarƙashin wani ana biyanta albashi, malamar makarantar kuɗi, mai aiki a famasi, kilinik, kamfani, ko da da baki aka yi yarjejeniyar. Ma'aikatan gwamnati na dindindin da sojoji da yan sanda suna da nasu tsarin daban.

Konjen haihuwa kuma, wato hutun haihuwa, sati 14 ne, yana farawa sati 4 kafin ranar da likita ya ƙiyasta, ana iya ƙara sati 6 in akwai rashin lafiya da likita ya tabbatar, CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ce ke biyan kuɗin, kuma cikin konjen ba a isa a kore ki ba. Akwai ma ƙarin kwana 2 a konjen shekara kan kowane yaro da bai kai shekara 6 ba, in yana da takardar haihuwa kuma yana gidanki, yawancin mata ba su ma san da shi ba.

Sai maganar awa ɗayan nan, wasu sun ɗauka duk lokacin da yaro ya yi kuka awa guda ce, a'a, jimillar ta yini ce. Ni dai gaskiya ta yi kaɗan. Ki lissafa, sati 10 ya rage miki bayan haihuwa, an yi suna an yi arba'in, yaro na da wata biyu da rabi kin koma aiki, ga asibiti suna ce miki nono zalla har wata 6 ko ruwa kar a ba shi. Mace na aiki cikin gari gidanta na can bayan gari, ta tsaya neman mashin a zafin watan Afrilu na Garwa, ta isa gumi sharkaf, yaro ya kama nono kenan lokaci ya ƙare, nono ya cika ya jiƙa riga ta koma haka. Kaka kuma da aka bar wa yaro in kuka ya ishe ta ai ruwa za ta ɗura masa ko kunu, ba za ka ga laifinta ba. Shi ya sa wasu ke daidaitawa da maigida su haɗa awar su tashi da wuri ko su zo a makare, kuma in kun daidaita a rubuta, kar a bar shi a baki.

Mai tuyar ƙosai da mai talla a kasuwa kuwa dokar nan ba ta san da su ba tunda ba su da maigida, goyo a baya suke aikinsu, kuma a arewa su ne suka fi yawa.